Dutsen da Bai Je Maƙabarta Ba

Mijina Wasfi, wanda duk Ramla ta sani da Abu Nizar, ya yi shekara arba'in da bakwai yana sassaƙa sunayen matattu a jikin dutse, kuma sau ɗaya tak ya taɓa yin kuskure. Shi dai kuskure ya kira abin. Ni da na haifa masa 'ya'ya huɗu, na gaji da wanke rigunan da ƙurar dutse ta mayar kamar buhun fulawa, har yau ban yanke hukunci ba. Ga yadda aka yi, kowa ya auna da kansa.

Wurin aikinsa yana bayan kasuwa, fili ne da aka kewaye da waya, da rumfar kwano a gefe. A hannun kawunsa ya koya tun yana ɗan shekara goma sha biyar, ya gaji guduma da ƙarafan sassaƙa, ya gaji har da tarin. Musulmi na kawo masa aiki, Kirista na kawowa, Yahudawa ma haka, domin a garinmu ba ka yin taku ashirin ba ka canja harshen gaisuwa ba. Larabci da Ibrananci duk hannunsa ya iya. Yakan ce abu ɗaya da mu da su ba mu taɓa jayayya a kansa ba shi ne daga dama ake fara rubutu. Iyakar barkwancinsa ke nan a duniya, kuma na ji shi ya fi sau dubu. Da injin yankan dutse ya shigo kowa ya saya, shi ya ƙi, wai inji bai san wanda ya mutu ba. Mutum ne da in ka ba shi magana goma sai ya maido maka da ɗaya, ita ma sai gobe. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, shi ya sa muka daɗe tare.

A aikin Yahudawa, abin da ya fi kiyayewa shi ne haruffan da ke bin bayan suna. Wanda ciwo ko tsufa ya ɗauke, haruffa biyu ake sa masa, gajeruwar addu'a ce: Allah ya sa ambatonsa ya zama albarka. Wanda kuwa aka kashe don shi Bayahude ne, uku ake sa masa: Allah ya ɗauki fansar jininsa. Mu ma muna da namu, ko marigayi ko shahidi, kuma na ga 'yan'uwan da suka daina gaisawa a kan wanne za a rubuta. Haruffa biyun nan Wasfi ya sassaƙa su har ya daina zana su da fensir, hannun ne ke tafiya da kansa kamar jakin da ya san hanyar gida. Ukun ma ya sha yi, a shekarun da ake tayar da bam a motocin haya. Ranar da ya yi su ba ya cin abincin kirki, sai dai yana yi. Yakan ce shi ba alƙali ba ne, abin da mai gawa ya ce shi yake rubutawa.

Amininsa shi ne Sasson, Bayahude mai sayar da zaitun da kayan tsami a bakin kasuwa. Iyayensa daga Bagadaza suka zo, Larabcinsu ya tsotsa, in ya zage ka sai ka yi dariya kafin ka ji haushi. Abu Ronen muke ce masa, da sunan ɗansa na fari, kamar yadda muke yi wa namu. Kullum bayan la'asar yakan rufe tulunansa ya zo rumfa shan gahawa, ya ce wa mijina mai jiran mutane su mutu, ni kuma in rama masa in ce mai sayar da ruwan gishiri da sunan zaitun. Da matarsa ta rasu, Wasfi ne ya yi mata dutse. 'Yarsu Dalit a filin nan ta koyi karatu, tana bin sunayen matattu da yatsa tana haɗa baƙi. Ta girma ta koma kudu, wani ƙauyen manoma da ke jikin shingen Gaza, tana dafa wa yaran makarantar reno abinci.

A ɗaya gefen shingen kuma akwai Itaf, ƙanwar Wasfi uwa ɗaya uba ɗaya. An kai ta aure Khan Yunus, wani gari a Gaza, tun zamanin da mutum kan tashi daga Ramla ya je Gaza ya ci kifi ya dawo kafin magariba. Da aka rufe hanya, shekara goma sha shida ba su sa juna a ido ba sai ta waya. Ba ta taɓa cewa tana kewar yayanta ba, kullum kewar tsamin mangwaron Sasson take yi. Duk majinyacin da ya sami izinin fitowa asibiti, sai mun neme shi mun ɗora masa kwalba guda.

Sai ga Asabar ɗin nan da 'yan bindiga suka ƙetaro shinge suka bi ƙauyuka gida-gida. Dalit na cikin ɗakin ɓuya, ta riƙe hannun ƙofa ta ciki, ta jikin ƙofar aka harbe ta. Sai bayan kwana biyar aka miƙa wa ubanta gawa. Ba zan yi wa abin kwaskwarima ba, kisan gilla ne, kuma na yi kuka kamar ni na haife ta.

A lokacin jirage sun riga sun fara ruwan bama-bamai a Gaza. Itaf ta sami layi da ƙyar, muna jin ƙara a bayanta. Kafin ma ta ce mana suna raye sai ta tambayi ko gaskiya ne abin da ta ji.

"Yaya, ka je ka yi wa Sasson gaisuwa a madadina," in ji ta. "Ka ce masa Itaf ce ta ce. Na ɗauki yarinyar nan tana jaririya."

Muka je zaman makoki. Sasson na zaune a ƙasa da rigarsa a yage, an lulluɓe madubai, kamar yadda suke yi a makoki, ɗaki cike. Ronen, da aka riga aka kira shi soja, yana kusurwa da bindiga a cinya. Muna sa ƙafa hira ta mutu. Wata mata da ban sani ba ta dubi mijina ta tambaye shi, a gaban kowa, ko ya yi tir da abin da mutanensa suka yi. Jinina ya tafasa, na buɗe baki, Wasfi ya taka mini ƙafa. Ya ce mata gaisuwa ya zo. Ya rungume Sasson suka yi kuka, muka fito. A hanya na ce ina saƙon Itaf? Ya ce wa zai iya furta sunan Gaza a ɗakin nan? Zai faɗa in ƙura ta lafa.

Ƙura kuwa ba ta lafa ba. Garin gaba ɗaya ya koma zauren gardama, rediyo na yi, talabijin na yi, layin burodi na yi. A nan na tsani wata kalma, har na fitar da ita daga bakina, ba za ku ji ta a wurina ba sai in maganar wani nake maidowa. Bayahudiyar da ke sayar mini da ƙwai takan ce Allah ya sani yaran Gaza na ba ta tausayi, amma wa ya fara? Ƙanena Hilmi, da ke da bakin faɗa in an rufe taga, yakan ce shi ma bai yarda da kashe mata a gidajensu ba, amma shekara nawa ana kashe namu wa ya yi magana? Kowa ya iya rabin farko na zancen, yana faɗinsa da sauri kamar mai haɗiye magani, don ya isa ga kalmar nan ya baje. Duk gawar da ta zo kafin ita an binne ta ke nan sau biyu. Wasfi kuwa kowa so yake ya ji ta bakinsa. Yahudawa suna so ya yi tir da ƙarfi, namu suna so ya daina karɓar aikinsu. Gaba kura baya sayaki, sai ya duƙufa a kan dutsensa.

Al'adarsu ce a kafa dutse ranar da gawa ta cika kwana talatin. Ana tashi daga makoki Sasson ya zo rumfa, Ronen na biye da shi. Ya zaɓi wani farin dutse, ya miƙa takarda da sunan Dalit da na iyayenta da ranaku. Muryarsa ta dushe, da ƙyar na ji abin da ya ce.

"Uku za ka sa mata, Abu Nizar."

Wasfi ya ce to. Ronen ya ce wa ubansa da Ibrananci, kamar ba ma ji, ai akwai masu inji a garin Rishon da za su gama a yini ɗaya, me ya sa sai nan? Sasson ya ce wanda ya yi na uwar shi zai yi na 'yar.

Ya fara aiki. Ban taɓa ganin ya lallaɓa dutse kamar wannan ba. Ya gama sunan, ya gama ranaku, ya yi mata ɗan reshen zaitun a sama wanda ba a ce ya yi ba. Gurbin haruffa ukun kawai ya bari fari, ya ce su ne ƙarshe.

Saura kwana tara a kafa dutsen aka kira mu. Wani maƙwabcin Itaf ne, da hantsi, ina tsinke ganyen mulukiya, lalon da muke miya da shi. Ya ce bene mai hawa huɗu ya zauna a ƙasa. Itaf, da ɗanta, da matarsa, da jikoki huɗu. Ya ce sun tona da hannu har yamma, sun ji murya a ranar farko, a rana ta biyu ba su ji ba. Ba a fitar da ko mutum ɗaya ba. Mijina da ya yi wa rabin Ramla dutsen kabari, ƙanwarsa ba ta da ko ramin da za a ɗora dutse a kai.

Ko rumfar ta'aziyya ba mu kafa ba, don mutane na tsoron a gan su suna kukan Gaza. A cikin ɗaki muka karɓi gaisuwa, taga a rufe. Sasson bai zo ba. Ko ya ji ko bai ji ba, a lokacin ban sani ba, Ramla dai ba ta da girman da za a ɓoye mutuwar mutum bakwai. Hilmi kuwa ya zo, ya sha gahawa mai ɗaci, ya dubi Wasfi ya ce ya ji yana da aikin addu'a a hannu. Ya ce ai sai ya hanzarta, ko da yake an riga an amsa tun kafin ya rubuta.

Na kori Hilmi daga gidana, ɗan'uwana ne ko ba ɗan'uwana ba. Bayan ya fita kuma na juya na faɗa wa mijina abin da ya faɗa, da kalmomi masu ɗan laushi. Na ce ya mayar musu da dutsensu. Na ce hannun da ya ɗaura wa Itaf igiyar takalmi tana yarinya ba zai roƙi fansa a kanta ba.

"Ummu Nizar, ba a kan Itaf aka ce ba," in ji shi. "Allah aka roƙa. Shi ya san wanda ya harbi ƙofar."

"To jirgin da ya zo, shi ma ya sani?"

Can ya ce Dalit ba ta yi masa komai ba, kuma ya riga ya ce to.

Kwana shida yana zuwa fili yana dawowa, gurbin nan na nan fari. Saura kwana uku, da safe, na kai masa burodi da man zaitun na tarar ya tsuguna gaban dutsen da guduma. Babu fensir a kunnensa, ban kuwa lura ba sai daga baya. Na zauna ina jin ƙarar ƙarfe, tak, tak, yadda na saba ji tun ina amarya. Da ya gama ya hure ƙura, ya ja baya don ya duba, sai na ga gudumar ta zame daga hannunsa. Na leƙa. Haruffa biyu ne, kyawawa, a miƙe kamar an auna.

Magana zarar bunu ce, balle wadda aka sassaƙa a dutse. Na ce masa da gangan ya yi? Ya ɗaga hannun damansa yana kallo kamar na wani ne. Ya ce wallahi uku ya yi niyya, uku yake karantawa a ransa har ya gama.

Shi da kansa ya aika a kira Sasson. Ya zo shi kaɗai, ya tsaya gaban dutsen ya daɗe, ya sa yatsa yana bin sunan baƙi-baƙi yadda ita take yi tana ƙarama. Da yatsan ya kai ƙarshe ya tsaya.

"Uku na ce maka."

"Na sani, Abu Ronen."

"Saboda ƙanwarka ne?"

Ashe ya ji. Nan zuciyata ta yi baƙi, don ya ji bai taka ƙofarmu ba. Wasfi ya ce bai sani ba, hannu ne ya tafi. Sasson ya ce to shi ke nan, kuskure ne, kowa na yi. In ya kawo wani dutsen yau, a ɗaga ranar, zai sa ukun?

Da mijina ya ce e, da an wuce wurin. Da ya ce a'a, da aƙalla sun yi faɗa irin na maza. Sai ya sunkuyar da kai yana murza ƙurar da ke yatsunsa. Ga saƙon Itaf a bakinsa, nan ma bai fito ba. Sasson ya jira, ya jira, ya juya ya fita ta ƙofar waya bai rufe ba. Masu injin Rishon suka yi masa wani a yini ɗaya.

Dutsen ya zauna a filinmu jingine da waya, yana kallon lungu. Wasfi ya hana a kwantar da shi, ya hana a juya shi. Ya ci gaba da zuwa aiki, sai dai ya daina yarda da hannunsa, ko alif zai sassaƙa sai ya zana ya goge sau uku. Mutane suka gaji suka koma wurin inji. Hilmi ya baza a gari wai surukinsa jarumi ne, ya ƙi rubuta musu fansa, har wasu na zuwa yi masa jinjina. Yahudawan kasuwa kuma suka ce ai dama, ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, ga irin amanar Balarabe nan. Kowa ya ɗauki kuskuren mijina ya yi tuta da shi, ba wanda ya tambaye shi. Bayan la'asar yakan dafa gahawa ya zuba kofi biyu, ya sha ɗaya. In zai je masallaci sai ya zagaya ta bayan tasha don kada ya bi ta gaban tulunan zaitun. Sau da yawa nakan ji yana magana shi kaɗai a rumfa, yana maimaita saƙon Itaf, yana gyara yadda zai fara.

Wata goma sha ɗaya ya yi a haka. Tarin nan na gado ya kwantar da shi sati biyu, ya cika ranar wata Laraba da azahar. Ɗanmu Nizar ya sa aka yi masa dutse da inji, aka rubuta marigayi. Na duba, babu kuskure ko ɗaya, babu kuma rai a ciki.

Da na fita takaba na ɗauki mabuɗi na je filin, don mai wurin na son abinsa. Ciyawa ta fito tsakanin duwatsu. Ina zuwa wurin na Dalit na tsaya cak. Samansa cike yake da tsakuwa, ƙanana-ƙanana, an jera su har wasu sun zubo ƙasa. Yahudawa ba fure suke kai wa kabari ba, tsakuwa suke ɗorawa, ɗaya duk zuwa. Wani ya daɗe yana zuro hannu ta ramin waya. Na tuna tun kafin tarin ya kwantar da Wasfi, ya fi wata uku bai iya zuwa filin ba, shi ya sa bai gani ba. Na ƙirga har sittin na bari.

Ranar Juma'a na dawo da hantsi na zauna a rumfa, ko zan ga mai hannun. Ban yi awa ɗaya ba sai ga Sasson ta lungu, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya zuro hannu, ya gan ni, ya tsaya da hannun a cikin waya. Na buɗe masa ƙofa na ce ya shigo, ba ɓarawo ba ne.

Na tambaye shi me yake nema a nan, alhali 'yarsa na da kabari da dutse da haruffanta uku cif. Ya ce yana zuwa can ma. Ya ce sai dai in ya tsaya a can, ƙofar nan kawai yake gani da jinin. A nan ne yake ganin yarinyar da ke bin baƙi da yatsa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun yana da rai."

"Kuma ba ka taɓa shigowa ka gaya masa ba? Kofi biyu yake zubawa kullum, Abu Ronen. Kullum."

"Na so in shigo, Ummu Nizar. Na so in zo muku gaisuwar Itaf ma, amma..."

"Kada ka ƙarasa," na ce. "A filin nan ba a ƙarasa wannan."

Ya haɗiye sauran. Na so in zage shi, na tanadi zagin wata da watanni, sai na ji wani abu daban ya taso mini. Na ce masa akwai saƙonsa da ya kwana a gidana fiye da shekara. Na ce Itaf ta kira ana ruwan wuta a kansu, kafin ta ce mana suna raye, ta ce a yi masa gaisuwar Dalit, a ce ita ce ta ce, ta ɗauke ta tana jaririya. Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya dafa dutsen don kada ya faɗi. Can ya sunkuya da ƙyar ya tsinci wata tsakuwa a ƙasa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya waiwaya hagu da dama yana duba duwatsun da ke filin ɗaya bayan ɗaya.

"Ina na Itaf yake?" ya ce. "Ina zan ɗora?"

Na buɗe baki, ni da ban taɓa rasa amsa ba a rayuwata. Ya tsaya yana jirana da tsakuwar a tafin hannunsa.